Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kai Ɗalibai Ziyarar CERN Suna Zaune a Ajinsu

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan batu ɗaya suke: ziyarar kai tsaye ta bidiyo da cibiyoyin binciken ƙananan ƙwayoyin cikin atam ke shirya wa makarantu. Mun taƙaita wasu, mun haɗe waɗanda tambayarsu ta zo ɗaya.

Daga wani malamin fiziks a sakandare: "Na ji an ce akwai cibiyar bincike a Turai da ke zagayawa da ɗalibai ta intanet. Gaskiya ne? Ta ina ake farawa, kuma nawa ake biya?"

Gaskiya ne, Malam, kuma kyauta ne. Cibiyar ita ce CERN, wadda aka kafa a 1954 a gefen birnin Jeniba, kan iyakar Siwizalan da Faransa. A can babbar na'urar nan ta LHC take: zobe ne mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, zurfin kimanin mita 100, inda ake cilla ƙwayoyin firoton ta ɓangarori biyu har su kusa kai gudun haske, sannan a sa su yi taho-mu-gama a wurare huɗu. A kowane wuri an girke wata ƙatuwar na'ura mai ɗaukar sawun abin da ya fito daga karon. Sunayensu ATLAS, CMS, ALICE da LHCb.

Ka riƙe wannan tun farko, don zai rage maka yawo. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan sunan ƙungiyar masana ne kuma, kowace da shafinta na intanet da nata tsarin karɓar baƙi. ATLAS da CMS su suka fi shahara da ziyarar makarantu. Sai ka shiga shafin wadda ka zaɓa, ka nemi sashen ziyara ta intanet, ka cike fom. Za a nemi sunan makaranta da ƙasa, yawan ɗalibai da shekarunsu, harshen da kuke so, ranar da kuke so, da adireshin imel na wanda zai tsaya a kan lamarin.

Shawararmu, ka nema tun ana saura makonni shida, kuma ka ba da ranaku uku maimakon ɗaya. Dalili kuwa, masu jagorancin ziyarar masana ne da ɗaliban digiri na uku masu aikinsu na bincike, sa kai suke yi, wasu ma suna da aikin dare a ɗakin kula da na'ura. Idan ka kafe a kan rana ɗaya, da wuya a samu wanda hannunsa ke sake a ranar. Bayan ka tura fom, ka riƙa leƙa akwatin saƙonnin da imel ke warewa a matsayin shara, domin amsa kan faɗa can.

Sai batun agogo, wanda shi ya fi komai ɓata ziyara ba gaira ba dalili. Jeniba na gaban agogon GMT da awa 1 a lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gaba da awa 2. Idan ƙasarku ba ta sauya agogo, kuma kuka yi alkawari a Fabrairu don ziyarar da za a yi a Afrilu, tazarar da kuka lissafa ta riga ta canja. A kowane saƙo ka rubuta lokacin sau biyu, na Jeniba da naku, ka nemi su tabbatar.

Ziyarar kan ɗauki kimanin awa ɗaya: gabatarwa, zagayawa, sannan tambayoyi. Wani lokaci ana naɗar ta a ajiye a intanet, don haka ka tambaya tun wuri, idan za a naɗa ka nemi izinin iyaye da na hukumar makaranta kafin fuskar yaro ta fito.

Daga wata malama mai kula da ɗakin kwamfuta: "Intanet ɗinmu ba shi da ƙarfi sosai, wuta ma kan ɗauke. Waɗanne kayan aiki ne dole, kuma yaya zan kauce wa jin kunya a gaban baƙi?"

Malama, kayan ba su da yawa: kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya, majigi ko babbar talabijin, lasifika mai ƙarfi, makirfo na daban, da kyamara. Galibi ta manhajar Zoom ake haɗuwa. Amma bari mu jera miki su bisa muhimmanci, saboda mutane kan kashe ƙarfinsu a kan hoto su manta da sauti, alhali sauti ne ziyarar. Idan hoto ya daskare na sakan goma, ɗalibai za su jure. Idan ba sa jin abin da ake faɗa, cikin minti biyar aji ya watse da surutu, kuma ba ya sake haɗuwa.

Matsalar sauti ta farko ita ce amsa-kuwwa. Muryar baƙo na fitowa daga lasifika, makirfo ya sake ɗaukarta ya mayar masa, sai ya riƙa jin kansa bayan rabin sakan, wani lokaci har ƙara mai tsinka kunne ta tashi. Maganinta uku ne. Na'ura ɗaya tak ce za ta shiga taron da sauti a ɗakin. Duk wanda ya shiga da wayarsa don ya gani da kyau, ya kashe makirfo da lasifikar wayar gaba ɗaya. A ajiye lasifika a gaban makirfo tana kallon ɗalibai, da tazarar aƙalla mita 2. Kuma makirfo ya zauna a kashe, sai lokacin tambaya a kunna.

Ta biyu takan ruɗa ko da wanda ya saba. Da zarar an jona majigi da kebul na HDMI, kwamfuta kan karkatar da sauti zuwa majigin, wanda lasifikarsa ƙarama ce ko ma babu. Sai a ga baki na motsi ba a jin komai. A shiga saitin sauti na cikin Zoom ɗin kansa, a zaɓi lasifikar da ake so da hannu, a danna gwaji. Haka ma makirfo: na jikin kwamfuta yana ɗaukar wanda ke kusa da shi ne da ƙarar fanka, ba ya ɗaukar yaron da ke layi na biyar. Ki ware kujera ɗaya a gaba, nesa da makirfo kamar taƙi biyu, duk mai tambaya ya taso ya zauna a kai, ya faɗi sunansa, ya yi tambayarsa.

Game da intanet, megabit 3 zuwa 4 a sakan, shiga da fita, ya isa a samu hoto mai kyau. Lissafin data ba wuya: megabit 3 sau sakan 3,600 ya ba da kimanin gigabait 1.35 a ɓangare ɗaya, don haka ki tanadi gigabait 3 don kada ya yanke a tsakiya. Abin da ya fi yawan megabit muhimmanci shi ne daidaituwar layin. Kebul daga na'urar rarraba intanet zuwa kwamfuta ya fi Wi-Fi nesa ba kusa ba, musamman a ɗakin da wayoyi arba'in ke fafutukar shiga layi ɗaya. A cire kowa daga layin na wannan awar, a dakatar da sabunta manhajoji a kwamfutar. Idan duk da haka murya ta fara kakkatsewa, ki kashe kyamararku. Baƙon zai daina ganinku, amma abin da kuke turawa ya ragu sosai, sauti ya dawo. Ki sanar da shi tun a imel cewa hakan na iya faruwa.

Wuta kuwa, ki ɗauka za ta ɗauke. Kwamfuta ta cika da caji, lasifika ta zama mai batir, na'urar intanet ta hau kan ma'ajiyar wuta, sannan waya ɗaya ta zauna da data a shirye, an riga an taɓa haɗa ta da kwamfutar don kada a tsaya neman kalmar sirri. Majigi ne mai cin wuta. Idan ya mutu, ɗalibai su matso kusa da fuskar kwamfuta a ci gaba. Talabijin ta fi majigi a ɗakin da ba a iya rufe tagoginsa, domin hotunan karon ƙwayoyi siraran layuka ne masu launi a kan baƙin fili, hasken rana na wanke su. Kada kuma kyamara ta kalli taga, in ba haka ba baƙo inuwoyi kawai zai gani.

Ki yi gwaji kwana biyu ko uku kafin ranar, a ɗakin da za a yi, da kayan da za a yi, a daidai lokacin da za a yi, saboda ƙarfin layi da safe daban yake da na rana. Idan masu shirya ziyarar sun ba da damar gwaji da su, kada ki bari ta wuce. Ranar kuma ki shiga taron da rabin awa kafin lokaci.

Daga wani mataimakin shugaban makaranta: "Za mu ga na'urar kanta a ƙarƙashin ƙasa, ko dai mutum ne zai zauna a ofis yana nuna mana hotuna?"

Ranka ya daɗe, ya danganta da watan da kuka zaɓa. Muddin ƙwayoyi na zagayawa a zoben, ba mahaluƙin da ke shiga ramin ko kogon da na'urar take, saboda radiyeshin. Ƙofofin a haɗe suke da tsarin tsaro, ta yadda buɗe ɗaya na sa a zubar da ƙwayoyin nan take. A irin wannan lokaci daga ɗakin kula da na'ura ake ziyarar. Kada a raina shi: a nan ɗalibai ke ganin masu aiki a bakin aikinsu, da hotunan karo suna sauyawa a bango a daidai lokacin da ake yin sa.

Ana samun shiga ƙasa a lokacin hutun gyara. Akwai gajere a ƙarshen kowace shekara, daga wajen Disamba zuwa farkon sabuwar shekara, akwai kuma dogo na shekaru. An yi dogon hutu na farko daga 2013 zuwa 2015, na biyu daga ƙarshen 2018 zuwa 2022, an kuma tsara fara na uku a 2026 domin a ƙara wa na'urar yawan karo. A lokacin ne mai jagora kan ɗauki kyamara, ya sa hular kwano, ya rataya ma'aunin radiyeshin, ya wuce ƙofar da ke tantance ƙwayar idonsa, ya sauka. Hoto kan yanke a cikin lif na ɗan lokaci, ku faɗa wa yara tun wuri don kada su zaci an tafi.

CMS na da wata dama ta daban. Kogo biyu gare ta, na na'urar da na kayan lantarki, da bangon kankare mai kaurin mita 7 a tsakaninsu, shi ya sa ake iya sauka kogon kayan lantarki ko ana cikin aiki. Idan kuka dace na'urar a buɗe take, abin kallo ne. Tsawonta mita 21, faɗinta mita 15, nauyinta tan 14,000, kuma a sama aka harhaɗa ta aka riƙa zura ta ƙasa yanki-yanki, mafi nauyi kusan tan 2,000. ATLAS ta fi ta girma, mita 46 a tsawo da 25 a faɗi, amma nauyinta tan 7,000 ne, rabin na CMS. Wannan kaɗai ya isa tambaya mai kyau daga ɗalibi. Ku rubuta a fom cewa kuna son ganin ƙasa idan da hali, amma kada ku yi wa yara alkawari, domin aikin gyara na iya rufe hanya ranar.

Daga wani malamin kimiyya: "Ɗalibaina ba su taɓa jin kalmar kwak ko miyuwon ba. Ina tsoron su zauna shiru kamar an ɗauke wuta. Me zan koya musu kafin ranar?"

Tsoronka a kan hanya yake, Malam, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a cikin wasiƙun nan. Bidiyon CERN cike yake da intanet, kowa na iya kallo. Abin da ziyarar kai tsaye ta ƙara shi ne yaro ya tambayi masani ya ji amsa daga bakinsa. Idan ba tambaya, an tara mutane ne kallon abin da da ma ana iya kallo kowane lokaci.

Darasi uku sun isa, na minti arba'in kowanne. A na farko ku sauka daga atam zuwa ƙasa: ilektiron na kewaye da cibiya, cibiyar ta ƙunshi firoton da niyutiron, kowane firoton kuma ya ƙunshi kwak uku. Ka ba su lissafin da za su yi da hannunsu. Ainihin tsawon zoben kilomita 26.659 ne, firoton na zagaye shi sau 11,245 a sakan ɗaya. Su ninka. Za su samu kusan kilomita 299,780 a sakan, su kwatanta da gudun haske da ke littafinsu, 299,792. Yaron da ya fitar da wannan da biro ba ya mantawa.

Darasi na biyu ka dogara da abin da ke manhajarku: ƙwaya mai caji tana lanƙwasa idan ta ratsa ƙarfin maganaɗisu. Da wannan ake tilasta wa firoton bin zobe, ta hanyar manyan maganaɗisu 1,232, kowanne tsawon mita 15, an sanyaya su da ruwan hiliyam zuwa digiri 271.3 ƙasa da sifili don wayoyinsu su ɗauki lantarki ba tare da turjiya ba. Da wannan dokar dai ake auna abin da ya fito daga karo: wadda ta lanƙwasa sosai gudunta da ƙarfinta kaɗan ne, wadda ta kusa miƙewa mai ƙarfi ce, ɓangaren da ta lanƙwasa kuma shi ke nuna irin cajinta.

Sannan ka zana musu na'urar a allo, da'ira cikin da'ira. Ta ciki tana ɗaukar sawun duk ƙwaya mai caji. Ta biyu tana tsayar da ilektiron da foton, wato ƙwayar haske, ta auna kuzarinsu. Ta uku tana tsayar da irin su firoton da niyutiron. Ta waje kuwa ta miyuwon ce, wani ɗan'uwan ilektiron da ya fi shi nauyi sau 207, wanda ke ratsa komai ya fita. Daga nan sai wasan gane sawu. Sawu a ciki, ya tsaya a da'ira ta biyu: ilektiron. Babu sawu a ciki amma ya bayyana a ta biyu: foton. Ya ratsa duka: miyuwon. Hotunan da za su gani a bangon ɗakin kula da na'ura ke nan, kuma ɗalibin da ya iya nuna miyuwon a ciki ya shiga hirar da ƙafar dama.

Darasi na uku na tambayoyi ne kawai. Kowa ya rubuta biyu, aji ya zaɓi goma sha biyu, a jera su, a san mai yin kowace. A cire duk wadda amsarta ke shafin farko na intanet, irin "yaushe aka kafa CERN". Ga irin waɗanda ke sa masani ya gyara zama. Me ke faruwa idan maganaɗisu ya yi zafi ana cikin aiki? Wannan za ta kai shi ga labarin 19 ga Satumba 2008, kwana tara bayan an kunna LHC, lokacin da haɗin lantarki ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu ya lalace, tan 6 na hiliyam ya tsere, aka ciro maganaɗisu 53, ba a dawo aiki ba sai Nuwamba 2009. Wata kuma: dunƙulen ƙwayoyi na haɗuwa sau miliyan 40 a sakan, amma 'yan dubbai kawai na hotunan karon ake iya ajiyewa, to wa ke zaɓa, kuma yaya kuka san ba ku zubar da abin da kuke nema ba? Ko: niyutirino, wata ƙwaya marar caji, ba ya barin sawu ko kaɗan, yaya kuke sanin ya fita? Amsar ita ce ana haɗa lissafin duk abin da ya fita ta kowane gefe, idan wani gefe ya yi giɓi an san wani abu ya sulale ta nan. Kuma a bar gurbin tambaya ɗaya ko biyu game da mutumin kansa, me ya karanta, yaya ranar aikinsa take. 'Yan mata musamman kan amfana idan mai jagorar mace ce, kuma ba laifi a nemi hakan a fom.

Aji ɗaya na mutum 30 zuwa 40, 'yan shekara 15 zuwa sama, shi ya fi dacewa. Mun san akwai sha'awar a tara makaranta duka a babban ɗaki, amma mutum ɗari uku kallo kawai za su yi.

Daga wata malama: "Turancin ɗalibaina bai nuna ba, kuma na ji masanan daga ƙasashe daban-daban suke."

Haka ne, Malama, dubban masana ne daga ƙasashe da dama, kuma wannan ya zame muku alheri, domin ana yin ziyara da harsuna iri-iri idan an samu mai jin harshen. Ki rubuta zaɓi na farko da na biyu. Idan da Turanci za a yi, ki roƙi mai jagora ya yi magana a hankali, ya riƙa tsayawa bayan kowane minti uku ko huɗu ki taƙaita wa aji da harshen da suka fi ganewa. Hakan na cin kusan sulusin lokaci, sai ku rage yawan tambayoyi zuwa takwas. Ki kuma tura masa tambayoyin a rubuce kwana biyu kafin ranar, ko sauti ya gaza zai amsa.

Daga wani ɗalibi ɗan aji biyar: "An ce na'urar na iya haifar da baƙin rami, irin na sararin samaniya mai zuƙe komai, ya haɗiye duniya. Da gaske ne?"

Ba gaskiya ba ne, ɗanmu, amma tambayar na da kyau, ka yi ta a ranar. A 2022 aka fara karo da kuzarin TeV 13.6, TeV kuwa ma'aunin kuzarin ƙwayoyi ne. Adadin na da girma ga ƙwaya ɗaya, amma TeV 1 bai wuce kuzarin sauro ɗaya a cikin tashi ba. Abin da ya bambanta shi ne an matse shi a wuri ɗan mitsitsi. Hujja mafi ƙarfi tana sama da kanmu. Ƙwayoyi daga sararin samaniya na faɗo wa iskar duniya dare da rana, wasu da kuzarin da ya ninka na LHC nesa, tun biliyoyin shekaru, haka ma suna faɗa wa wata da rana, kuma duk suna nan. Masana sun bi wannan lissafi dalla-dalla a wani rahoton tsaro a 2008.

Haɗarin gaske na cikin ramin ne. Dunƙule sama da 2,000 ke zagayawa a kowane ɓangare, kowanne da firoton sama da biliyan 100, jimillar kuzarinsu ya haura megajul 300, wanda ya isa ya narka ƙarfe. Shi ya sa idan na'urorin tsaro suka ga matsala, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na sakan ake karkatar da su zuwa wani dogon curin girafait da aka tanada don ya shanye su.

Daga wani malami: "CERN kaɗai ke yin wannan?"

A'a. Fermilab da ke kusa da Chicago a Amurka, inda aka gano kwak mafi nauyi a 1995, na da shirye-shiryen makarantu, sai dai agogonsu na bayan na Jeniba da awa 7 a mafi yawan shekara, safiyarsu yammacin Jeniba ce. Akwai kuma IceCube a tsakiyar Antatika, inda aka binne na'urorin gano haske 5,160 a cikin ƙanƙara, zurfin mita 1,450 zuwa 2,450, don kama niyutirino. Sukan yi hira kai tsaye da makarantu a lokacin bazararsu, wajen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, amma tauraron ɗan'adam ne ke yanke lokacin, domin ta kansa suke samun intanet, ku ne za ku bi nasu.

Daga wata shugabar sashen kimiyya: "Bayan an gama ziyarar fa? Ba na son abin ya tsaya a kallo."

Hajiya, ki sa su ga ƙwayoyin da idonsu. Ana haɗa akwatin hazo a aji, wato akwatin da ke nuna sawun ƙwayoyi, irin wanda Carl Anderson ya gano fositiron, takwaran ilektiron mai kishiyar caji, da shi a 1932. Kayan su ne: akwatin roba garai-garai mai kimanin santimita 30 a tsawo da 20 a faɗi da 15 a tsayi, yadi mai kauri mai shan ruwa, farantin ƙarfe baƙi da ya fi bakin akwatin faɗi, sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 99, busasshiyar ƙanƙara (iskar kabon dayoksaid da aka daskarar) kilo 2 zuwa 3, da tocila mai haske sosai.

A manna yadin a gindin akwatin daga ciki, a jiƙa shi da sinadarin har ya ƙoshi amma ba ya ɗiga. A shimfiɗa busasshiyar ƙanƙarar a cikin akwatin soso, a ɗora farantin a kai ya taɓa ta sosai, sannan a kifa akwatin roba a kan farantin, yadin ya koma sama. A toshe gefen da salatif. A kashe fitilu, a haska tocila daga gefe, kusan a kwance da farantin, a jira minti 10 zuwa 15. Sinadarin na tururi daga sama inda ke da ɗumi, ya sauko ya tarar da sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, sai ya taru a santimita ɗaya ko biyu na ƙasa yana neman dalilin zama ɗigo. Duk ƙwaya mai caji da ta ratsa ta nan sai ta bar farin zare a bayanta na sakan ɗaya ko biyu. Gajere mai kauri alfa ne, wato cibiyar atam ɗin hiliyam, galibi daga iskar radon. Siriri mai karkace-karkace ilektiron ne. Dogo miƙaƙƙe da ya ratsa akwatin, yawanci miyuwon ne daga sama, irin wanda suka gani a hotunan CMS. Kimanin ɗaya ke ratsa kowane santimita murabba'i a minti ɗaya.

A nan akwai lissafi mai daɗi ga manyan ɗalibai. Ana haifar miyuwon a tsayin kimanin kilomita 15, matsakaicin rayuwarsa kuma kashi 2.2 cikin miliyan na sakan ne. Ko da gudun haske, wannan mita 660 kawai zai kai shi. Isowarsa ƙasa da yawa haka shaida ce ta ka'idar Einstein cewa lokaci na tafiya a hankali ga abin da ke gudu kusa da gudun haske.

Idan ba a ga komai ba, dalilan sanannu ne. Sinadari mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, ba ya aiki. Ƙanƙarar firji ba ta kai sanyin da ake buƙata ba. Farantin bai zauna a kan ƙanƙarar da kyau ba, ko iska na shiga ta gefe tana dama tururin, ko an haska daga sama. Idan saman akwatin ya yi sanyi tururi ya tsaya, a ɗora tafin hannu ko robar ruwan ɗumi a kai. A kula: busasshiyar ƙanƙara na ƙona fata, sai da safar hannu mai kauri, kada a taɓa rufe ta a kwalba, za ta fashe, a bar iska na shiga ɗakin, sinadarin kuma na kama wuta.

Waɗanda abin ya shiga ransu, akwai darasin yini ɗaya na duniya da IPPOG, ƙungiyar masana masu wayar da kai kan wannan fanni, ke shiryawa tun 2005, tsakanin Fabrairu da Afrilu, ga 'yan shekara 15 zuwa 19. Ɗalibai na tantance hotunan karo na gaske daga LHC, su haɗa sakamakonsu har nauyin Z, wata ƙwaya mai nauyi da karon kan haifar, ya fito a wajen GeV 91 (GeV 1,000 ne TeV 1), da yamma kuma su tattauna ta bidiyo da masana da wasu makarantu. Jami'a ce ke karɓar baƙuncinsa, don haka sai kin tuntuɓi sashen fiziks na wadda ke kusa da ku tun wajen Oktoba. Akwai kuma gasar Beamline for Schools da CERN ta fara a 2014, inda tawagar ɗalibai aƙalla biyar, 'yan shekara 16 zuwa sama, da malami ɗaya, ke rubuta gwajin da suke so a yi, waɗanda suka yi nasara a kai su su gudanar da shi da hannunsu.